Ludayi Biyu a Motar Alhaji Shitu

Ranar Alhamis, ashirin da shida ga watan Yuni na shekarar 2025, da ƙarfe goma na safe, Alhaji Shitu na Nariya ya sa aka yaye tamfol daga kan tsohuwar motarsa, sannan ya aika aka kira masa surukansa biyu, mazan 'ya'yansa mata, suka zo suka durƙusa a gabansa.

Motar baƙa ce mai ƙusumbi, ƙirar Ingila. Ta girmi 'yancin kan Najeriya, kuma sitiyarinta a hannun dama yake. A cikinta aka kawo Inna Lami gidan Alhaji tana amarya, shi ya sa da Allah ya nufe ta da sauke farali a bana, Alhaji ya rantse ba za ta shigo Nariya da sunan Hajiya a wata mota ba sai wannan.

Alhaji ya ce, "Jibi Asabar za ta sauka. Idona ya yi rauni, tuƙi ya fi ƙarfina. Ɗayanku zai ɗauko ta daga Rano zuwa ƙofar gidan nan, kuma in ya kawo ta lafiya, makullin motar ya zama nasa. Injinta lafiyarsa lau. Ƙwan fitilar gefe guda ɗaya ne kawai ya mutu, na hagu."

Dauda, mijin ƙaramar 'yar, direban bas ne tsakanin Kibiya da Kano, kuma mutum ne wanda maganarsa ta yini guda ba ta cika cokali. Ya ce, "To, Baba, sai a sayo ƙwai a Rano."

Munzali ya yi dariya irin ta wanda aka kawo wa tambayar yara. Shi ne mijin Nuriyya, babbar 'yar Alhaji. Mutumin Zinyau ne, yana da rumfar cajin waya a bakin kasuwa, kuma da hannunsa ya rubuta "Injiniya" a kan allon rumfar. Har yau ba a sami hukumar da ta ƙaryata shi ba, domin ba hukumar da ta san da shi.

Ya ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, Dauda ya iya murza sitiyari, ban ƙi ba. Amma lantarki gidana ne. Ni da wuta tamkar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Kuma ni ne mijin babba. Shi ya je Kano ya ɗauko Hajiya a bas, ni zan karɓe ta a Rano. Shigar da zan yi da ita Nariya, sai jikokinmu sun ba jikokinsu labari."

A nan kam bai yi ƙarya ba.

Alhaji ya miƙa masa makulli, ya zagaya da shi yana nuna masa. A kan kafaɗun motar na gaba akwai 'yan ƙananan fitilu biyu. Alhaji ya ce ba don direba ya ga hanya aka yi su ba, an yi su ne don in gari ya yi duhu mai tahowa ya san faɗin motar, kada ya ɗauka babur ne. A jikin ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya kuma, kowane gefe, akwai wani ɗan siririn hannu ruwan ɗorawa, tsawon taƙi guda, kwance cikin raminsa. Wannan shi ne siginar mutanen da. In direba ya murza makunni zuwa dama, wuta ta shiga wani ɗan maganaɗisu, shi kuma ya ja ƙarfe, sai hannun dama ya miƙe da 'yar fitila a cikinsa. In aka mayar da makunnin, hannun ya faɗa raminsa da nauyin kansa.

Alhaji ya ce, "Ka gane? Ƙwai ɗaya. Kada ka taɓa komai."

"Baba, ai tun kafin ka fara na gama ganewa."

Alhaji na juya baya zuwa cefanen walima, Munzali ya naɗe hannun riga.

Da farko ya dubi ƙananan fitilun nan ya ce wannan ba fitila ba ce, idon mage ce, kuma surukarsa ba za ta dawo daga Makka da idon mage ba. Ya cire mai rai da matacciyar duka, ya ɗaura manyan ƙwayayen fitilar tirela, ya naɗe su da salatif. Yana kunnawa fis ya ƙone. Ya sa wani, ya ƙone. Ya sa na uku, shi ma ya bi 'yan'uwansa.

Asibi mai ƙosai, maƙwabciyar Alhaji, wadda ta janyo kujerarta gindin darbejiya don kada komai ya wuce ta, ta ce, "Injiniya, wannan ɗan abin da ke ta mutuwa, ba wani saƙo yake ba ka ba?"

"Iya Asibi, fis matsoraci ne. Bature ya sa shi ne saboda bai yarda da kansa ba. Ni na yarda da kaina."

Ya yanko wayar jan ƙarfe mai kauri ya cusa a gurbin fis. Fitilu suka kama, har kaji suka watse. Munzali ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, don ya ba kowa damar yin mamaki.

Daga nan ya koma kan hannayen sigina. Ya ce hannun jariri ne, ba wanda zai hango shi daga nesa. Ya hau babur ya tafi gida, ya dawo da jajayen ludayan roba guda biyu, irin na shan fura, ya ɗaure kowanne a bakin hannu guda da zaren buhu, ya sa ƙwan tocila a cikin kwarminsa. Da ya murza makunni, hannun ya yi ɗan nishi, ya ɗaga kai kaɗan, ya koma ya kwanta. Munzali ya ce yunwa ce ke damunsa. Ya ɗauko babban batirin sola na rumfar caji, ya haɗa da na motar, ya zaunar da shi a ƙarƙashin kujera.

Ana cikin haka Mai unguwa Isma'ila ya iso, ya sunkuya a tagar mota yana cewa, "Sannu da aiki, Injiniya." Munzali ya ce, "Ranka ya daɗe, ka zo a kan gaɓa," ya murza. Ludayi ya taso kamar an harbo shi da gwafa, ya ɗauke hular Mai unguwa, ta yi sama ta sauka cikin kaskon man Asibi.

Asibi ta tsamo ta da matsami ta ce, "Ranka ya daɗe, a sa maka yaji ko haka za ka ci?"

Mai unguwa ya karɓi hularsa tana ɗigar mai, ya dubi Munzali ya ce, "Allah ya shirya." Munzali ya juya ga jama'a ya ce, "Kun ji, har addu'a ya yi mini. Kun ga ƙarfin wuta?"

Amma babban ilimin bai sauko masa ba sai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Yana zaune a kujerar direba, sai ya lura sitiyari a dama yake, alhali na sauran motocin duniya da ya sani a hagu. Ya tuna manya suna ba da labarin shekarar canjin hannu, lokacin da gwamnati ta ce motoci su bar bin hagun titi su koma dama. Nan take ya buga cinya. Motar nan an ƙera ta ne kafin canjin hannu. Ke nan damarta ta tsohuwar doka ce, hagunta ma haka. Shekara hamsin da ɗoriya tana yawo tana yi wa mutane sigina a kan dokar da aka soke, kuma duk ƙasar Rano da Kibiya ba wanda ya gano sai shi.

Ya je ya sami Alhaji da wannan albishir. Alhaji ya dube shi ya ce, "Munzali, ina nan aka yi canjin hannu. Titi aka canza wa hannu. Ka taɓa jin an ce daga ranar mun koma cin tuwo da hagu?"

"Baba, tuwo daban, lantarki daban."

"Na ce kada ka taɓa."

"An gama, Baba."

Abin da aka gama shi ne, ya koma ya zare wayar dama ya sa a hagu, ya zare ta hagu ya sa a dama. Bai gaya wa kowa ba sai Nuriyya, wadda ta biyo sawun ludayanta.

Ta ce, "Yanzu in ka murza dama, wane hannu ne zai tashi?"

"Na hagu mana. Shi ne damar yanzu."

"Kai kuma ina za ka bi?"

"Dama."

"Mutanen da ke kallon ludayina fa, ina za su bi?"

"Nuriyya, shi ya sa ba a koya wa mutum lantarki a tsaye. Je ki dama furarki."

"Da me? Da sitiyari?"

Ranar Asabar bayan la'asar, tashar Rano ta cika. Dauda ya iso da Hajiya Lami a bas, ta sauko cikin farin mayafi, tana murmushi ta gefe guda don haƙorin Makka ya samu iska. Tana rungume da jarkar ruwan zamzam, wadda ba ta yarda kowa ya riƙe mata ba tun daga filin jirgi. Ta buɗe ta tsiyaya wa Alhaji a murfi ya kurɓa, ta rufe, ta ce saura sai an je gida, domin duk Nariya an yi mata kamu, har da masu ciwon ƙafa da masu jarrabawa. Aka zaunar da jarkar a kujerar gaba, ita da Alhaji suka shiga baya.

Ya kamata a sani cewa Hajiya Lami mace ce mai tsananin kunyar suruki. Tun da Munzali ya auri 'yarta ta fari ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba. In ta matsu, sai ta ce a gaya wa mijin yarinyar nan.

Munzali ya fito cikin shadda da baƙin tabarau, ya hau kan benci ya tsara tafiya. A-kori-kurar masu mandiri, ƙarƙashin Malam Ramalan, ita ce a gaba da lasifika. 'Yan acaɓa ƙarƙashin shugabansu Jabiru su rufa wa motar baya. Bas ɗin Dauda a can ƙarshe, inda ya dace da ita.

Ya ce, "Kuma ban yarda kowa ya yi amfani da saninsa ba. Akwai hanyar da na zaɓa don Hajiya ta zaga a gan ta. Ba tambaya, ba kiran waya. Ku dubi hannun motar nan. Inda ya nuna, nan za ku bi."

Malam Ramalan ya ce, "Hannu ko ludayi?"

"Malam, kai dai riƙe mandirinka."

Aka kama hanya. A mararrabar farko Munzali zai bi dama, ya murza dama, ludayin hagu ya miƙe ja wur. Malam Ramalan, da ke tsaye a bayan a-kori-kura yana waiwaye, ya buga rufin mota ya ce wa direbansu, "Hagu!" Suka karya hagu da yabon Manzo a lasifika, suka miƙe hanyar Dawaki. Munzali ya karya dama.

Alhaji ya ce, "Ina masu mandiri suka nufa?"

"Baba, jahilci ne. Ba su iya karanta sigina ba."

Daga baya aka ji sun faɗa wani gida da ake bikin suna a Dawaki, aka ɗauka gayya ce, aka cika su da waina da miyar taushe. Ba su ga dalilin dawowa ba.

A kwana ta biyu akwai gonar shinkafa cike da ruwa a gefen hagu. Munzali zai bi wata 'yar burtali ta hagu, ya murza hagu, ludayin dama ya tashi. Jabiru ya ga an nuna dama, ya ce wa yaransa su buɗe ta hagu su ba Hajiya fili. Suna buɗewa motar ta karyo kansu. Ba wanda ya tsaya shawara. Babur na farko ya faɗa shinkafa, na biyu ya bi shi don zumunci, na uku ya hau kan na biyu. Jabiru ya miƙe da taɓo har gira, da dashen shinkafa a kan hularsa.

"Kai Munzali! Wane malamin ne ya koya maka tuƙi? Ka nuna gabas ka bi yamma!"

Munzali ya leƙo ta taga ya ce, "Ku koma makaranta! An yi canjin hannu tun ba a haife ku ba!"

Hajiya ta gyara mayafi ta ce wa Alhaji, "A tambayi mijin yarinyar nan, mutanen can wanka suka tsaya yi?"

Alhaji bai isar da saƙon ba. Jin an ambaci canjin hannu, ya fara salati a hankali.

Suna dosar Nariya hadari ya haɗo daga gabas, gari ya rufe kamar magariba. Munzali ya ji daɗi, domin tun Rano yake addu'ar a sami duhun da zai nuna aikinsa. Ya kunna fitilun gefe. Ƙwayayen tirela suka haske har kan bishiyoyi. Ba a jima ba wani wari ya fara tasowa daga ƙarƙashin sitiyari.

Hajiya ta ce, "A tambayi mijin yarinyar nan, masara yake gasawa?"

Munzali ya amsa wa madubi, "A gaya wa Hajiya ƙamshin sabon aiki ne."

Wayoyin da ba su da fis ɗin da zai mutu dominsu suka narke suka rungumi juna. Hon ya kama kuka ba wanda ya taɓa shi. Salatif ya saki, ƙwan hagu ya zazzago yana lilo a jikin waya. Alhaji ya ce a tsaya. Munzali ya ce ai ga gida can, jarumi ba ya tsayawa a bakin ƙofa.

A ƙofar gidan Alhaji duk Nariya ta hallara. An kafa rumfar tamfol a hagun fili, an jera tukwanen shinkafa da miya a ƙarƙashinta, Asibi na tsaye a kansu da mara. A dama kuma an shimfiɗa tabarmi don manyan baƙi. Munzali ya yi niyyar ya karya hagu ya tsayar da Hajiya a bakin rumfa, ya murza hagu. Ludayin dama ya tashi.

Mai unguwa Isma'ila, wanda ya riga ya san ƙarfin ludayin nan, ya ɗaga murya, "Dama zai bi! Ku tashi daga tabarmi! Kowa ya koma rumfa!"

Limamai da dattawa da 'yan biki suka kwashi takalma suka dunguma cikin rumfa. Suna gama taruwa, motar ta karyo kansu tana kuka, ido ɗaya na lilo, hayaƙi na fita ta taga. Aka watse ta kowace kusurwa. Ladan ya tsallake tukunyar miya da ƙafa ɗaya, abin da ba a taɓa zaton yana iyawa ba. Munzali ya nemi birki, ƙafarsa ta sami batirin sola da ya gangaro daga ƙarƙashin kujera. Motar ta tafi a hankali, cikin natsuwa irin ta manya, ta ture tukunyar shinkafa, ta daki turken rumfa, tamfol ya sauko ya lulluɓe ta kamar yadda ta saba kwana.

Aka yaye tamfol. Ludayan biyu suna ta sama da ƙasa tare, kamar zakara zai yi cara. Mai unguwa ya matso don ya buɗe wa Hajiya ƙofa, ludayin hagu ya ɗauke masa sabuwar hula.

Sai ga harshen wuta ya leƙo daga ƙarƙashin sitiyari. Randar ruwa tana nan a gindin darbejiya, taku kaɗan daga motar. Munzali bai gan ta ba. Abin da ya gani shi ne jarkar da ke kujerar gefensa. Ya fizge murfin, ya tuntsurar da ita a kan wayoyi, bai ɗaga hannu ba sai da ta yi ƙarar wofi.

Wuta ta mutu. Hon ya yi shiru. Ludayan suka sunkuya. A daidai lokacin nan sama ta saki ruwa kamar da bakin ƙwarya, wanda zai iya kashe gobarar kasuwa guda.

Jama'a suka zuba wa jarkar ido. Masu ciwon ƙafa suka dube ta, iyayen masu jarrabawa suka dube ta. Munzali ya fito, ya gyara tabarau, ya ga ana bukatar bayani daga masani.

Ya ce, "Jama'a, ku yi hamdala. Duk ƙasar Kano ba motar da ta taɓa shan zamzam sai wannan. Daga yau ta gama ciwo."

Asibi, da shinkafa har gwiwa, ta ce, "Saura kai, Injiniya. Da ka rage kurɓi ɗaya ka shafa a ka."

Ƙofar baya ta buɗe. Hajiya Lami ta fito cikin ruwan sama, farin mayafinta ya yi baƙi da hayaƙi, haƙorin Makka ya koma ciki. Ba ta dubi Alhaji ba, ba ta nemi ɗan aike ba. Ta tako har gaban surukinta, ta dube shi ido cikin ido, ta miƙa tafin hannu.

Ta ce, "Munzali."

Mata suka kama baki. Nuriyya ta rufe fuska da gyale.

"Munzali, ba ni makullin."

Ya fara cewa, "A gaya wa Hajiya, batun canjin hannu..."

"Ni ce Hajiyar, kuma ga hannun. Canza."

Ya ajiye makulli a tafinta. Bas ɗin Dauda ta iso a lokacin, ɗauke da Jabiru da mutanensa da taɓonsu. Hajiya ta miƙa wa Dauda makullin.

Washegari Dauda ya kwance ludayan ya mayar wa Nuriyya, ya sa aka sake wayoyin da suka ƙone, kowace a gurbinta, aka mayar da fis, ya sayo ƙananan ƙwayaye biyu a Rano. Makullin motar yana hannunsa. Munzali ya koma rumfar caji ba batir, kuma tun daga ranar Hajiya Lami da sunansa take kiransa.